Faɗin zangon osiloskof: ninki biyar ko lokacin tashi?

Osiloskof na'ura ce mai nuna siffar siginar lantarki, faɗin zangonsa kuma shi ne iyakar mitar da yake iya aunawa da kyau. Don sanin faɗin da ake buƙata, wasu injiniyoyi kan ninka mitar agogon sigina, wato yawan bugunsa a sakan ɗaya, sau biyar. Agogon MHz 100 (bugu miliyan 100 a sakan) ke nan yana neman osiloskof mai MHz 500. Lissafin ba wuya, kuma ya wadatar idan bugun kawai kake son gani.

Ɗaya hanyar tana duba lokacin da sigina ke ɗauka ya tashi daga kashi 10 zuwa 90, sai a raba 0.5 da shi. Gefen sigina mai tashi cikin fikosakan 500 (fikosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na sakan) yana ba da GHz 1, wato MHz 1,000, faɗin zangon da ake buƙata aƙalla. Ka ɗora wannan siginar a kan waccan na'ura mai MHz 500, sai ta nuna lokacin tashi na wajen fikosakan 860 maimakon 500, kuskuren ba kaɗan ba. Ni wannan hanyar nake bi, ko da yake aljihu na ji a jika.