Gargaɗi ga manoman lambu kan masu tallar rumfar leda ta bogi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa manoman lambu. Yanzu da hunturu ya kama, kowa ya duƙufa kan dashe da gyaran hanyoyin ruwa, tallar rumfar leda, wadda wasu ke kira girinhawus, ta yawaita a Facebook da WhatsApp, kuma irin wannan talla ce ta cinye mini kuɗin da na tara daga cinikin albasar bara.

Mutumin da ya yi tallar ya san inda ke yi mana ƙaiƙayi, domin duk wanda ya noma tumatir a Kadawa ko Kura ya san yadda farashin kwando ke faɗuwa warwas a Fabrairu da Maris, sannan ya yi tashin gwauron zabi da zarar damina ta kankama. Ya yi mini alkawarin rumfar da zan riƙa tsinkar tumatir a cikinta har tsakiyar damina, na tura rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mutum, ba na kamfani ba. Abin da aka sauke mini bayan dogon jira shi ne siraran ƙarafa da aka shafa wa fenti ruwan azurfa, da leda irin ta rufe kaya a kasuwa, babu raga ko taku ɗaya. Kafin bazara ta wuce ledar ta tsattsage, ƙarafan sun yi tsatsa, lambarsa kuma ta daina shiga.

Hotunan tallar kansu sun isa su tona asirinsa, domin rumfuna ne rufaffu ruf, har da ƙanƙara a gefen wasunsu. A Ingila da Holan ana gina irin waɗannan ne don a tsare ɗumi, saboda sanyinsu yana kashe shuka. Mu kuwa sanyin hunturu shi tumatir yake so. Abin da ke karya mu shi ne zafin Afrilu da ke kai digiri 40, alhali furen tumatir yana zubewa idan zafi ya haura 35, sai kuma dukan ruwan sama da ƙwari. Rumfar da babu mafitar iska a samanta, babu raga a gefunanta, tanda ce kawai za ta zame wa shuka. Ledar gaske tana da kaurin kusan maikiron 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita, an haɗa ta da sinadarin da ke jure rana, ragar kuma dole ta zama mai ƙananan idanu da za ta tare farin ƙuda da ƙwaron sharon mai cin ganye da 'ya'yan tumatir, wanda ya yi mana ɓarna mai yawa a Kano da Kaduna a 2016.

Don Allah, kada wanda ya biya ko sisi sai ya je da ƙafarsa ya ga rumfar da mai tallar ya kafa wadda ta shekara a tsaye, ya kuma gana da mai gonar su biyu kaɗai. A duba rajistar kamfanin a CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni rajista. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya hanzarta zuwa bankinsa da hukumar EFCC, riƙe da shaidar biya da duk saƙonnin da suka yi musaya. A makon jiya na sake cin karo da hotunan nan a ƙarƙashin sabon suna da sabuwar lamba, ana neman kafin alƙalami kafin ƙarshen wata.