Littattafan yara huɗu da aka kawo mini Makka: na Nana Asma'u ne ya fanshi sauran

Tun kafin azumi na ga tallansu a rukunin matan unguwarmu na WhatsApp, littattafai huɗu masu zane-zane a kan Nana Asma'u, Sarauniya Amina, Mansa Musa da Ibn Battuta. Wata mata ce ke sayar da su. Na biya, aka ba wata 'yar Umara ta taho mini da su daga Kano, na je har Shara Mansur na karɓo.

Yaran nan namu da aka haifa a nan, Hausarsu ba ta wuce "zo ka ci abinci" ba. Ki yi musu Hausa su mayar miki da Larabci. 'Yata mai shekara takwas ta fi kowa, ko gaisuwa sai an yi da gaske. Don ita na saya.

Daren da muka buɗe na Nana Asma'u, bayan an sauko daga tarawi ne. Ina karantawa ina fassara mata: an haife ta a 1793, tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Yarinya tana ta hamma. Sai muka iso shafin da aka zana wata dattijuwa da malfa a ka, an naɗe malfar da jan ƙyalle, mata da 'yan mata na biye da ita ɗauke da ƙore. Ta tambaye ni da Larabci, me ya sa mace ta sa hular maza?

Surukata na gefe kan darduma tana jan carbi. Mutuniyar ƙasar Sakkwato ce, ido ya yi rauni, ban ma zaci tana sauraronmu ba. Sai ta ce, "Miƙo nan in gani." Ta kai littafin dab da hancinta, ta jima tana dubawa, sannan ta ce, "Ikon Allah. Wannan ai jaji ce." Daga nan ni dai na zama 'yar kallo. Inna ta shiga ba da labarin 'yan taru, yadda Nana ke naɗa jaji ta ba ta malfa, jajin ta bi ƙauyuka tana koya wa mata alwala da salla da zaman aure ta hanyar waƙa, ta kuma jagorance su zuwa wurin Nana. Ta ce tana ƙarama ta ga irin wannan ayari da idonta, za su ziyara Hubbare, wato makwancin Shehu Usmanu a Sakkwato, shekaru da dama bayan rasuwar Nana a 1864. Har baitoci ta rera mana, da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba a shekara goma sha biyu da muke gida ɗaya. Can sai na ji yarinyar nan ta ce, da Hausa tsantsa, "Inna, ke ma kin taɓa sa malfa?" Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ja'ira, ina ni ina malfa!" Wallahi da a daren ne aka ce in ba da maki, da goma bisa goma zan ba su.

To amma fa da sauran rina a kaba. Littafin koya wa yaro Hausa a ce babu ƙugiya a haruffa? "Ƙafa" ta koma "kafa", "ɗaki" ya koma "daki". Mu manya ma san inda aka dosa, amma yaron da da kyar yake haɗa baƙin boko haka zai haddace shi. Sai da na bi shafi-shafi da biro ina sa lanƙwasa. Ga ɗaurin banza, gam ne kawai aka shafa, zafin Makka na bugunsa mako biyu shafuka suka fara zubewa.

Na Amina kuwa haushi ya ba ni. An zana 'yar Bakwa Turunku fara sol, gashi kwance har baya, kamar an ciro ta daga katun ɗin talabijin. Ganuwar da aka san ta da ita layi ɗaya ta samu, sauran duk doki da takobi. Na Mansa Musa ya ɗan fi, sai dai zinaren da ya rabar a Alƙahira ya cinye littafin, hajjin 1324 da ya fito dominsa shafi guda aka ba shi. Autana ya yi ta neman Ka'aba a ciki. Na Ibn Battuta har yanzu yana cikin ledarsa.

Na rubuta wa mai sayarwar maganar ƙugiya da gam, ta karanta, shiru kake ji har yau. Duk da haka jiya na sake tura mata kuɗin na Nana Asma'u guda ɗaya, don na farkon Inna ta sa an ɗinke mata shi da zare, ta cusa ƙarƙashin matashinta, kuma ba mai taɓa shi sai jikarta.