Cokalin azurfa da ke ɗauke da shaidarsa a bayansa

A Landan akwai wani dogon titi mai suna Portobello Road, a unguwar Notting Hill, inda masu sayar da tsofaffin kaya ke baje kolinsu duk ranar Asabar tun da sassafe: agogunan bango, fitilu, tangaran, tsofaffin kwabbai, akwatunan katako. Wani abokin aikina mai tara agogunan aljihu ne ya ja ni can. Na tsaya gaban teburin wata dattijuwa, na ɗauki wani ƙaramin cokali da ya yi baƙi saboda daɗewa, na tambaye ta ko azurfa ce ta gaske. Ba ta rantse mini ba ko sau ɗaya. Ɗan gilashin ƙara girman abu ta miƙo mini, ta ce in duba bayan mariƙin.

Wasu 'yan tambura ne a jere, kowanne bai kai kan ashana ba, ta kuwa bi su ɗaya bayan ɗaya tana yi mini bayani. Hoton zaki mai tafiya shaida ce cewa azurfar ta kai kashi 925 cikin 1000. Ƙugiyar jirgin ruwa na nufin a Birmingham aka gwada ƙarfen, garin da aka buɗe ofishin gwajinsa a 1773. Da a Landan ne, kan damisa za a gani. Sai kan Sarauniya Victoria, alamar an biya harajin azurfa, wanda aka soke a 1890. Sai harafi guda mai nuna shekarar gwajin, sai farkon haruffan sunan maƙerin. Ta zaro ɗan littafi daga aljihu, ta laluba harafin, ta gaya mini shekarar. Tun 1300, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, doka ta wajabta a gwada azurfa a buga mata tambari kafin a sayar. Shi ya sa mai saye ba ya buƙatar yarda da bakin kowa, kayan ne ke yi wa kansu shaida.

Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, don kayan kakata ne suka faɗo mini a rai. Tasoshin tagulla masu zane, da wani akwatin ƙarfe da ko mu jikoki ba a bari mu taɓa. Bayan rasuwarta aka ce tarkace ne suna cin wuri, aka kira 'yan gwangwan suka ɗora a sikeli. Aikin hannun da wani maƙeri ya ɓata makonni yana sassaƙawa, da nauyin ƙarfensa aka yi cinikinsa. Mu dai da zarar abu ya tsufa sai mu ji kunyar a gan shi a ɗakinmu, mu sauya shi da roba mai ƙyalli da ba za ta shekara biyu ba. A nan kuwa tashar BBC na da shiri tun 1979, Antiques Roadshow, inda mutane ke bin dogon layi da kayan da suka gada domin masana su faɗa musu asalinsu da darajarsu.

Kada ku ɗauka komai lafiya lau ne. Ɗakunan gwanjo suna da wani hali mai ɓata rai: ka taya kaya, a buga guduma a ce naka ne, sai ka je biya ka tarar an ɗora la'adar mai saye, wadda kan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na farashin, sannan a ƙara haraji a kan la'adar. Suna rubutawa a sharuɗɗa, amma da ƙananan haruffa. Akwai kuma jabu, sabon abu a sauya masa kama ya yi kamar tsoho. Kuma na shiga shagon da mai shi ya yi ta bin hannuna da ido har na fita, alhali wasu na ɗaga kaya suna juyawa bai ce musu uffan ba. Wannan ya ci mini rai ƙwarai. Hauren giwa kuma a kiyaye shi, dokar Birtaniya ta 2018 da ta fara aiki a 2022 ta haramta cinikinsa, sai 'yan kayan da aka keɓe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai na gani ne a wani shago can ƙarshen titin: farantan tagulla da kayan fata irin namu, an goge su, an jera cikin gilashi, an rataya musu farashi mai tsada. A takardar jikinsu an rubuta Afirka ta Yamma, ba a san wanda ya yi ba. Cokalin Bature ana sanin garinsa da shekararsa da maƙerinsa, namu kuwa ko sunan gari babu, domin babu wanda ya rubuta.

Yaya, na san har yanzu akwai sauran kayan Inna a ɗakin ajiya. Don Allah kada a taɓa su. A zaunar da ita tun tana da ƙarfin tunawa, a tambaye ta wa ya ƙera kowanne, a ina aka saya, wa ya ba ta, a rubuta a takarda a saka cikin kayan, a kuma ɗauko mini hotunansu.