Alfa Romeo Spider 2000 ta 1974 a titunan Maraɗi, ga mai sha'awar saye

Mutane sun ishe ni da tambaya kan 'yar jar motar nan maras rufi da nike fita da ita da marece, wasu su ce Ferrari ce, wani ma cewa ya yi haɗin gida ce anka yanke ma wata mota kai. To ba Ferrari ba ce, aljihuna bai kai can ba ko kusa. Alfa Romeo Spider 2000 Veloce ce ƙirar 1974, kuma tun daga farko bari in faɗi ra'ayina, mota ce mai daɗin tuƙi wadda ban taɓa jin irinta ba, amma in ita kaɗai za ka mallaka wallahi kar ka fara.

Kamfanin a Milan yake can Italiya tun 1910, wannan jan gicciye da macijin da ke jikin tambarinta duk alamomin garin ne, yaran unguwa kullum sai sun taɓa macijin. Ita Spider a 1966 ta fara fitowa, gidan Pininfarina sunka zana jikinta, kuma an ci gaba da ƙera ta har farkon shekarun 1990 ba tare da an canza ta can da yawa ba. Wannan ne ma ya sa na zaɓe ta a kan su Lancia da Maserati, don motar da anka yi fiye da dubu 100 nata kayan gyaranta ba su ɓacewa daga duniya.

Tawa a Yamai na same ta wurin wani dattijo, ta daɗe ajiye cikin garajin gidanshi an lulluɓe ta, a bayan babbar mota anka ɗauko min ita don ba wanda zai yarda ya kama hanyar da ta fi kilomita 600 da motar da ta yi shekaru ba a tada ba. Kuma nan ne sa'ar take. Babbar cutar waɗannan motoci tsatsa ce, waɗanda sunka zauna Turai gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya cinye musu ƙasa, ka ga fenti na ƙyalli a hoto amma ƙarƙashin ƙofa duk ya rube. Mu nan busasshiyar ƙasa gare mu, ƙarfe ba ya ruɓa da sauri. Duk da haka in za ka saya ka ɗaga tabarmar ƙafa ka duba, ka cire tayar safiya ka leƙa raminta, ka bi gindin ƙofofi da maganaɗisu, inda bai kama ba to ciko ne anka yi. In kuma daga waje za ka yo oda, ka guji wadda anka yi ma Amurka, daga 1969 zuwa 1981 na can suna da wani famfon mai da ake ce ma SPICA, babu mai taɓa shi a duk yankin nan. Ka nemi ta Turai mai karbirata. Sannan ka lissafa kuɗin jirgi da duwan da kart giriz da asiransi tun kafin ka biya, ga shi a 2023 hanyar Kwatano ta rufe kaya sunka koma bi ta Lome, abin na ɗaukar lokaci.

Tuƙin kuwa, kai! Da asuba bayan sallah in na hau kwalta na nufi Tibiri ko na kama hanyar Madarunfa, iska na da sanyi, na ɓalle maƙallai biyun da ke saman gilashi na tura rufin baya da hannu ɗaya, nan ne kuɗina ke fita. Injin 1962 cc ne, wajen doki 130, a takarda ba wani abu ba ne, Hilux ta yanzu ta fi ta, amma motar ba ta da nauyi kuma kana zaune ne dab da ƙasa, gudun 80 sai ka ji kamar 140 kake. Ga kukan injin, da allura ta wuce 4000 sai ka ji karbiratocin na zuƙar iska da wani irin gurnani, ba ƙarar salansa ba ce irin ta yaran da ke huda bututun babur, daga gaba take fitowa. Giya biyar gare ta, birkin faifai a duk ƙafa huɗu, a mota ta 1974 fa. Sitiyarin katako ne, sandar giya kuma daga ƙarƙashin dashbod ta miƙo kusan a kwance, hannunka na sauka daga sitiyari sai a kanta.

Giya ta biyu dai tana da hali, in injin bai ɗumama ba ka saka ta da gaggawa sai ta yi maka ƙarrr, kuma ba tawa kaɗai ba ce, sanannen lahaninsu ne, sai ka bi ta a hankali. Sitiyarin ba shi da taimakon mai, juyawa a lungun kasuwa aikin damtse ne. Kilim babu. A watan huɗu da na biyar da zafi ke wuce 40 ko kusa da ita ba ni zuwa da rana, kujerar baƙar leda in ta sha rana ba ta zaunuwa sai da tawul.

Makanikena wani dattijo ne da ya girma cikin gyaran Peugeot 404 da 504, ranar da ya buɗe bonet ya daɗe shiru yana kallon murfin injin na alminiyom sannan ya ce Alhaji wagga ai ta san hannu, ba kwamfuta ba waya. Na ce Baba za ka iya kuwa? Ko amsa bai ba ni ba. Karbirata biyu gare ta kowace da maƙogwaro biyu, wato kowane silinda da nashi, kuma dole huɗun su sha iska daidai in ba haka ba mota ta yi ta kakkarwa a tsaye. Sai ya yanko guntun tiyo ya sa baki ɗaya a kunnenshi, ɗayan yana kai shi bakin kowane maƙogwaro yana sauraren shuuu ɗin iska, ya juya sukuru kaɗan, ya sake saurare, yaran garaji sun zagaye shi ba mai magana, har injin ya kwanta lumui. Abin da ya caje ni bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Matsalar kawai hunturu, ƙura na toshe 'yan ƙananan jet ɗin nan, matatar iska kuwa sai ka riƙa kakkaɓe ta kusan duk fita, kar kuma wani ya ruɗe ka ka cire akwatin matatar wai don ƙara ta fi daɗi, rairayi za ka ɗura ma injin.

Abu biyu ke ba ni tsoro. Na farko zafin inji, gangar jikin da kan duk alminiyom ne, in ya tafasa sau ɗaya kan na iya lanƙwashewa, daga nan sai mai ya fara haɗuwa da ruwa. Radiyata mun wanke ta mun ƙara mata fanka ta lantarki, kuma ruwan rijiya ba ya shiga cikinta, na jarka mai kala nike saye. Na biyu tukunyar man inji da ke ƙarƙashi, faffaɗa ce, ta alminiyom, ga ta ƙasa ƙasa, tudun rage gudu ɗaya in ka hau shi da ƙarfi ya ishe ta. Mai walda ya yi min farantin ƙarfe ya rufe ta, duk da haka a karkace nike hawa kowane tudu, 'yan kabu-kabu na baya na ta oda. Titin rairayi kuwa sai dai in ajiye ta bakin kwalta in taka, da damina in ruwa ya kwanta a gari ba ta fita sam.

Esansi a gidan mai kawai nike sha, na kwalba a bakin hanya ban yarda da shi ba saboda datti, kuma tana sha fiye da Corolla nesa. Bidanj ɗinta na cin mai wajen lita bakwai, 20W50 mai kauri, shi kam akwai shi ko'ina. Taya 14 ce ana samu, buji da batir da bel ma haka, in sun gagara nan sai a aika Katsina ko Kano ta Ɗan Isa. Amma robar da ke haɗa sandar juya ƙafafun baya, da gasket ɗin kan inji, da 'yan ƙarafan da ake saita bawul da su, waɗannan sai Italiya ko Jamus ko Ingila ta intanet. Yuro ɗaya sefa 656 ne, sai ka ga abu na yuro 40 ka yi murna, kuɗin aike ya zo ya fi kuɗin kayan. Ni tarawa nike in yi oda ɗaya babba, in akwai mai dawowa daga Faransa in roƙe shi ya saƙo min cikin akwati.

Uwargida ta shiga sau ɗaya iska ya ɗauke mata mayafi, ta ce maigida motar da ba ta ɗaukar yara ba ta ɗaukar buhun hatsi ina amfaninta, ban yi gardama ba don kujera biyu ce rak. Wasu 'yan uwa ma sun ce da kuɗin na sa a gona ko na sayi shanu. Ga wanda ke da wata motar ta zirga-zirga, da rumfar da zai ɓoye ta daga rana, da tsohon makanike mai kunne, ina ba shi shawara ya saya, huɗu cikin biyar zan ba ta. Masu zuwa neman aronta don rakiyar amarya kuma su yi haƙuri, jerin gwano a giya ta ɗaya cikin zafi shi ne daidai abin da ke tafasa mata inji.