Fim ɗin Ilford HP5 Plus a hasken ranar Damagaram: abin da na gani

Jama'a masu tambayata wai wane fim nake sa wa tsohuwar kyamarata, to ga amsa, Ilford HP5 Plus ne, baƙi da fari, ISO 400 (ma'aunin saurin kama haskensa ke nan), mai ɗaukar hoto 36. Kyamarar kuwa Pentax K1000 ce da baba ya bar min Allah ya jiƙansa, tun ina ɗan lakkol nake riƙe masa jakarta in za shi ɗaukar hoton buki, daga nan son abin ya shige ni har yau da furfura a kaina bai fita ba.

A Ingila ake yin fim ɗin, kamfanin tun 1879 yake, shi wannan samfurin kuma 1989 ya fito. Ni ban taɓa ganinsa a butik a nan ba, ƙanena ne ke riƙo min in zai dawo daga Faransa, kowane guda ya kan tasar min kusan jaka bakwai, akwai tsada gaskiya.

Abin da ya sa na manne masa shi ne haƙurinsa da haskenmu. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ya san wahalar, babbar riga fara fat tana walƙiya, fuskar mai ita kuma tana ƙarƙashin inuwar rawani, yawancin hotunan waya ko rigar ta ƙone ta zama farar takarda ko fuskar ta ɓace. Wannan fim ɗin yana riƙe duka biyun, aikin allurar da ke wuyan rigar ya fito, tsagen fuska ya fito, har gumin doki. Ranar da na wanke na farko na ɗaga shi sama ina dubawa wallahi sai da idona ya kawo ruwa, don irin hotunan baba na gani. Haka zanen bangon gidajen Birni in ka je bayan la'asar rana ta karkata, ƙasar bangon kamar ka sa hannu ka shafa.

Yana da nasa dai. Da tsakar rana 400 ya yi yawa, K1000 iyakar gudun ƙiftawarta 1/1000 na sakan ne, dole ka tsuke idon kyamara zuwa f/16 kuma bayan mutum ba zai dushe maka yadda kake so ba. Amma da magariba ko cikin zaure sai ka gode masa, na sha tura shi har 1600, wato in ɗauka kamar ISO 1600 ne in ƙara masa lokacin wanki, ƙwayoyinsa su ɗan yi kauri kamar tsakin gero, ni kam ina son su a haka.

Wanki ne babban aiki. Da maganin wankin fim ID-11 ba sirki minti bakwai da rabi ne a digiri 20, to ina za ka ga ruwa mai digiri 20 a watan Afrilu a garin nan? Ƙanƙara nake saye in jefa a bokiti in tsoma kwalaben, in an ɗauke kuran kuma in haƙura sai asuba. Sau ɗaya na yi gaggawa da ruwan ɗumi, hotunan sunan jikata suka fito da duhu da kaushi, abin na cina har yanzu. Lokacin hunturu kuma ƙura ce, sai na yayyafa ruwa a ɗaki na rufe ƙofa kafin in shanya.

Fim ɗin da ba a ɗauka ba a aje shi a firijo, kar a bari cikin mota. Saura guda uku gare ni, na ware biyu don babbar sallah.