Tsohuwar Hilux da jan tirela: a ɗaura tobo ko a canza inji?

Wani ɗan'uwa a cikinmu da ke sayen shanshera a fadamun Argungu yana kaiwa Birnin Kebbi ya yi tambaya a kan a-kori-kurarsa, Hilux mai injin gas 3L. Ya ce tun da ya fara ɗaura mata ƙaramar tirela, motar ba ta iya fitowa daga yashin fadama sai an sauke buhuna, kuma makanikai biyu sun ba shi shawara biyu: ɗaya ya ce a ɗaura wa injin tobo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, ɗayan ya ce a cire shi a sa injin 1KZ ɗan Beljiyam. Yana so ya san wadda ta fi.

Malam, abin da motarka ta rasa shi ne ƙarfin juyi, wato ƙarfin da inji ke murɗa taya da shi tun yana juyawa a hankali, kuma da shi ake tayar da kaya daga tsaye. Injin 3L mai lita 2.8 yana ba da kimanin Nm 188 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin juyi) a juyi 2,400 cikin minti ɗaya, lokacin yana sabo ke nan. Injin 1KZ-TE mai lita 3.0, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1993 kuma ta sa a Prado da Surf da Hiace, yana ba da kusan Nm 290 tun a juyi 2,000. Bambancin ya haura rabin abin da kake da shi yanzu, kuma yana zuwa da wuri, daidai inda mai jan kaya yake buƙatarsa.

Ɗaura tobo ya fi sauƙin kuɗi a ranar farko, kuma motar za ta ƙara kuzari, ba na musu. Sai dai an ƙera 3L ne don ya shaƙi iska da kansa, saboda haka idan aka tura masa ƙarin iska dole a buɗe famfon gas ya ƙara ba da mai, daga nan kuma zafin da ke kan fistan da kan inji ya hau. Injin da ya yi shekara ashirin da wani abu yana aiki, ringinsa ya saki, ba zai daɗe yana jure wannan ba. Na taɓa tsayawa a wani gareji a Jega ina kallon irin wannan aikin bayan wata huɗu da yinsa: aka buɗe murfin lagireto inji yana kunne, ruwan yana ta ɓulɓulo da kumfa kamar an jefa kanwa a miya, alamar gasket ya ƙone. Wanda ya dage sai ya bi wannan hanya, to ya fara auna matsin kowace silinda, ya bar iskar tobon kaɗan, ya kuma sa agogon auna zafin hayaƙi a gaban direba. A garejinmu da wuya ka ga an yi ko ɗaya daga cikin ukun.

Canza inji ya fi tsada kuma ya fi ɗaukar kwanaki, domin ba a ɗora 1KZ kawai a kan mazaunin 3L. Sai an gyara ƙafafun injin, sai an sake salansa, kuma ya fi kyau a saye shi haɗe da giyabos ɗinsa da kulocinsa, saboda kulocin 3L zai riƙa zamewa a ƙarƙashin wannan ƙarfi. Akwai kuma iri biyu da masu sayarwa ba sa son bambantawa. 1KZ-TE yana aiki da kwamfuta, don haka idan ba a haɗo maka da ita da dukkan wayoyinta ba, ka sayi ƙarfe ne kawai. 1KZ-T kuwa famfonsa na gargajiya ne, wanda mai gyaran famfon gas a Birnin Kebbi ko Yawuri zai buɗe ya gane, kuma ga mai shiga ƙauye shi na fi so. Raunin 1KZ sananne ne: kansa na alminiyam ne, kuma idan ya tafasa sau ɗaya ko biyu yakan tsage. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, jan tirela da tsohon lagireton da laka ta toshe kasada ce babba, saboda haka kuɗin sabon lagireto mai kauri yana cikin kuɗin injin. Rasit ɗin sayen injin ma a adana shi, a gyara lambar inji a takardun mota.

Idan tsakanin biyun nan ne, ni canjin inji zan zaɓa, matuƙar aljihu zai kai aikin ƙarshe. Aikin da aka tsaya a rabinsa ya fi barin motar yadda take muni.

Amma akwai hanya ta uku da babu wanda ya faɗa maka cikin makanikan biyu, wataƙila don ladarta ba ta da yawa. Giyar da ke cikin aksil tana ninka ƙarfin inji kafin ya isa taya. Idan taka mai ninkawa sau 4.30 ce aka mayar da ita mai ninkawa sau 4.88, ƙarfin da ke isa ƙasa zai ƙaru da kusan kashi 13 cikin 100 ba tare da an taɓa inji ba, illa dai motar za ta rage gudu a kan kwalta kuma inji zai ƙara ƙara. Idan mai jan taya huɗu ce, dole a canza ta gaba da ta baya su zo daidai. Ka duba tayoyinka ma, domin da yawa cikinmu mun sa manya don motar ta yi tsayi, alhali babbar taya tana rage ƙarfin ja.

Duk wadda ka bi, birkin Hilux ɗin yana nan yadda yake, kuma tirelar da ba ta da nata birki ita za ta riƙa tura ka idan ka taka a gangare. Ka sa a duba farantan birki da sifirin na baya da wurin da aka walda ƙugiyar tirelar a jikin shasi kafin ka ƙara ko buhu ɗaya.