Sayar da Kaya ko Sayar da Ƙwarewa: Wanne Ya Fi Dacewa da Mai Albashi?

Mai neman ƙarin kuɗin shiga bayan ya tashi daga aiki yawanci hanya biyu ce a gabansa: ko ya saro kaya ya tallata a WhatsApp da Facebook, ko ya sayar da abin da ya iya, kamar koyar da yara darasi, gyaran waya ko zane a kwamfuta.

Saye da sayarwa kan kawo kuɗi da wuri, amma yana cin jari. Kaya kan kwanta, kuɗin aikawa ya lashe riba, ga kuma bashi, wanda yakan durƙusar da ƙaramin ɗan kasuwa, musamman idan masu karɓa 'yan uwa ne da kake jin nauyin tambayarsu. Wanda ba ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, sai ya cinye uwar kuɗi yana zaton riba ce.

Ƙwarewa kuwa ba ta lalacewa a ajiye. Matsalarta lokaci: in ba ka zauna ka yi ba, babu abin da zai shigo, kuma kafin a san ka akan ɗauki watanni.

Ni dai ga mai ƙaramin albashi na fi karkata ga ta biyun, domin in ta ƙi, lokacinsa kaɗai ya tafi, kuɗin hayarsa na nan.